Masarata Ta Yi Funfuna, In Wanke Ta In Ci?

Ni manomi ne a ƙasar Malumfashi. Bana na karya masarata da wuri don tsoron ɓarayi, ruwan ƙarshen damina ya same ta a tsibe, na sussuke na zuba a buhu. Yanzu buhu shida cikin ashirin sun yi funfuna kore-kore, suna wari. Yayana ya ce a wanke, a shanya, a surfe, ai wuta na kashe komai. Wani kuma ya ce in gauraya da mai kyau in kai kasuwar Dandume, ko in ba kaji. Wace shawara zan bi?

Manomi daga Malumfashi

Allah ya mayar da alheri. Maganar yayanka tana da rabin gaskiya, kuma rabin da ya rage shi ne mai haɗarin. Ruwa da rana da wuta suna kawar da funfunar da ido ke gani, amma irin wannan koriyar funfuna tana zuba wata guba a cikin tsabar, wadda masana ke kira afilatoksin. Ba ta da launi, ba ta da ɗanɗano, kuma tafasar tukunyar tuwo ba ta isa ta lalata ta ba. Tsince ruɓaɓɓun ƙwayoyi da surfe suna rage ta ƙwarai a buhun da ya ɗan taɓu, shi ya sa nake so ka bi sauran sha huɗun da tsinta da surfe mai kyau, ka zubar da dusar. Amma buhun da ya yi kore har yana wari, babu wankin da zai mayar da shi abinci.

Na san za a ce iyayenmu sun ci irinta ba su mutu ba. To, abincin iyayenmu gero ne da dawa da suka bushe a kan kara, aka ɗaure dami aka jera a rumbu iska na ratsa su. Masara ta mamaye ƙasar Funtua da Bakori da Danja ne bayan shirin bunƙasa noma na Funtua da Bankin Duniya ya tallafa wa a tsakiyar shekarun 1970, ta zo da taki da buhun leda da gaggawar kai kasuwa. Sannan wannan guba ba kasafai take kayar da mutum nan take ba. A hankali take cin hanta, tana jawo sankara, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ba baƙo ba ne a Arewa, ana kuma danganta ta da tsumburewar yara, su da kunu da koko ne abincinsu. Wanda ta kashe bayan shekaru, wa zai tuna da wani buhu? Idan ta yi yawa kuwa ba ta jira: a 2004 mutum 125 suka rasu a gabashin Kenya bayan cin masarar da aka adana da danshi.

Bai wa kaji ma ba mafita ba ce. Ta kan tsuntsayen gida aka fara gano gubar, a 1960, lokacin da talotalo kusan dubu ɗari suka mutu a Ingila saboda ƙulin gyaɗa mai funfuna. Kaza takan rage ƙwai ko ta mutu, saniya kuma takan fitar da gubar cikin nono, ta dawo ƙwaryar 'ya'yanka. Gaurayawa a kai Dandume kuwa ɓoye aibin kaya ne, ka san hukuncinsa ba sai na faɗa maka ba, kuma tiyar da ka auna ɗan wani ne zai sha kununta. Asarar buhu shida ba wasa ba ce a wannan tsada, amma ka ƙone su ko ka binne da zurfi inda dabba ba za ta tona ba.

Sauran ka zazzage su a kan tamfol, kada su taɓa ƙasa, ka riƙa kwashewa kafin raɓar dare. Ana son danshin ya sauko zuwa kashi 13 cikin ɗari. In ba ka da na'ura, zuba tsaba a busasshiyar kwalba da busasshen gishiri, ka girgiza, ka jira kwatan awa. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran shanya. Sai ta bushe ƙayau za ka sa ta a buhu mai leda biyu irin na PICS, ka ɗora a kan katako nesa da bango. Baɗi kuma ka tambayi malamin gona maganin Aflasafe na cibiyar IITA ta Ibadan. Ana watsa kilo 10 a hekta guda, mako biyu zuwa uku kafin masara ta yi fure, domin funfunar tun a gona take kama masara, musamman wadda fari ko tsutsa suka jigata.