Darasi na 14: Yini Guda a kan Hanyar Fenain

A ƙasar Ingila akwai wata doguwar hanyar ƙafa da ake kira Hanyar Fenain. Tsawonta mil 268 ne. Ta tashi daga ƙauyen Idel, ta bi ta kan tuddai, ta yi arewa har ta shiga ƙasar Sikotilan. Mai ƙarfi yakan gama ta cikin kwana 16 zuwa 20. Masu binta ba fatauci ke kai su ba. Suna so su sha iska ne, su ga ƙasarsu da idonsu. Bari mu bi su yini guda mu gani.

Mun tashi daga Idel da ƙarfe 8 na safe. Kowa ya goya jakarsa. A ciki akwai guzuri, da ruwan sha, da rigar ruwa, da taswira, da kamfas. Tafiyar yau kamar mil 16 ce.

Da farko hanya ta ratsa makiyayar tumaki. Kowane fili an kewaye shi da katangar duwatsu, an jera su ba laka ba siminti. A wani wuri akwai matakala ta ƙetare katanga, a wani wuri kuwa ƙyaure. Filin na mai shi ne, amma doka ta ba kowa ikon wucewa ta kan hanyar, kamar yadda burtali ke ratsa gonaki a ƙasarmu. In mun tarar da ƙyaure a rufe, mu wuce mu mayar da shi a rufe. In mun bar shi a buɗe, tumaki su fita, manomi ya yi hasara.

Sa'an nan muka hau wani hawa mai tsauri, sunansa Tsanin Yakubu. Dā ta nan fatake ke bi da dawakin kaya. Muka kai bisa tudun Kinda Sikawut, wanda tsawonsa ya ɗara ƙafa 2,000. Ba gida, ba itace, sai baƙar ƙasa mai taɓo da iska mai sanyi. Akwai wani ruwa da ke zubowa daga kan dutse. In iska ta yi ƙarfi, sai ta mai da shi sama kamar hayaƙi. Nan muka zauna muka ci guzuri, muka tattara sharar muka sa a jaka.

Wannan tudu yana da labari. Dā masu ƙasar sun hana talakawa hawansa, domin suna harbin waɗansu tsuntsaye masu kama da fakara a wurin. A shekarar 1932 ɗaruruwan ma'aikata, yawancinsu daga birnin Mancesta, suka hau da gangan. Suka yi karo da masu gadi, aka ɗaure mutum biyar. A 1935 wani ɗan jarida, Tom Stephenson, ya kawo shawarar a yi doguwar hanya ta kowa da kowa. A 1949 aka yi dokar da ta buɗe ƙofa. Ba a buɗe hanyar ba sai 1965, watau bayan shekara 30. Sannu ba ta hana zuwa.

Da la'asar hazo ya sauko, har ba mu ganin abin da ke gabanmu. Nan ne haɗarin yake, gama mutum yakan ɓata, sanyi ya kama shi. Wanda ya iya karanta taswira shi ya shige gaba, muka bi shi. Da ba mai karatu cikinmu, da mun kwana a dawa.

Kafin magariba muka gangara Kurawudan, ƙafafu duk sun yi tsami. Muka kafa tanti kusa da babban tafki.

Mu lura: hanyar nan da wahala aka same ta. Mai wucewa ya kiyaye dukiyar manomi, manomi kuma kada ya toshe hanya.

Tambayoyi
1. Mil nawa ne tsawon Hanyar Fenain?
2. Don me ake rufe ƙyaure?
3. Me ya faru a 1932?
4. Wa ya cece mu cikin hazo?