Karen Teku a Gaɓar Namibiya

Jama'a, mutanen bakin Binuwai da Kwara sun san ayu. To, a teku akwai wata dabba mai zama cikin ruwa kamarsa, mai shayar da 'ya'yanta nono. Sunanta da Turanci sil. Kanta kamar na kare, har da gashin baki, saboda haka bari mu kira ta karen teku. Bambancinsa da ayu shi ne ayu ciyawa ya ke ci, ba ya kuwa fitowa tudu. Karen teku kifi ya ke ci, a tudu ya ke haihuwa.

Mun gan su a ƙasar Namibiya, can kudu maso yammacin Afirka. Daga garin Swakopmund muka yi arewa a mota, wajen mil 75. Hamada a damanmu, teku a hagunmu, ga hazo, ga sanyi. Sunan wurin Cape Cross, gama a 1486 wani matuƙin jirgin ruwa na Fotugal, Diogo Cão, ya kafa ginshiƙin dutse mai gicciye a nan.

Tun ba mu gan su ba muka ji warinsu. Kai, warin nan! Kowa ya toshe hanci. Sa'an nan muka ji kuka kamar na tumaki ran kasuwa. Da muka ƙarasa sai ga su dubu bisa dubu, kwance kan rairayi da duwatsu. A tudu jan jiki su ke yi da ƙyar, amma in sun faɗa ruwa sai ka ce kibiya. Babban namiji ya kan yi nauyin buhun gero uku.

Ruwan wurin sanyi ƙarara, kifi kuwa na yawa a ruwan sanyi. Abin da ya tara su ke nan.

Cikin Nuwamba da Disamba su ke haihuwa. Kowace mace ɗa guda, baƙi wuluk. Uwa ta kan bar ɗanta ta tafi neman kifi kwana uku ko huɗu. In ta komo, yaya za ta gane nata cikin dubbai? Sai ta yi kira, ɗan ya amsa, ta matso ta sansana shi. In ba nata ba ne ta kore shi. Wanda uwarsa ba ta komo ba yunwa ce za ta kashe shi. Waɗansu manyan maza ke dannewa wajen faɗa, waɗansu dila da kura ke ɗauka. Mun ga dila na zagaya gefen garken, bai ko kula da mu ba.

Masunta suna kuka da su, wai suna cinye musu kifi. Gwamnatin Namibiya ta kan ba da izinin kashe waɗansu saboda fata da kitse, masu kishin dabbobi kuwa suna ƙin haka.

An yi wa baƙi hanya, a kanta muka tsaya. Ba a taɓa su, ko da ƙanana, don suna cizo. A 2024 ma an sami ciwon haukan kare a jikin irinsu a Afirka ta Kudu.

Tambayoyi

1. Me ya bambanta ayu da karen teku?
2. Yaya uwa ke gane ɗanta?
3. Don me ba a taɓa su?