Yadda Ake Sauya Kan Wasiƙar Faci a Git

Har gobe manyan ayyuka irin su ƙwayar Linux ta imel suke karɓar gyara. Shi kansa Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005, ta wasiƙa Junio Hamano ke karɓar facinsa tun wannan shekarar. Ga ɗalibin Jami'ar Diffa, ko matashin da ke koyon rubuta manhaja a Chetimari ko Maine-Soroa, wannan hanya alheri ce. Rezo yana zuwa yana ɗaukewa, amma faci ɗan rubutu ne marar nauyi. Kana iya haɗa shi ba intanet, sai lokacin turawa kaɗai za ka nemi layi.

Inda sabbin shiga ke tuntuɓe shi ne kan wasiƙar. Mai kula da aiki yana tashi ya tarar da saƙonni rututu, kuma da kalmomin farko yake rarrabe su, sau da yawa ma na'ura ce ke yi masa. Kamar buhunan busasshen tattasai ne da aka loda daga gonakin bakin Komadugu: komai kyan abin da ke ciki, alamar bayan buhu ce ke nuna inda za a sauke shi.

Da farko ka kammala gyaranka ka yi commit. Sannan ka rubuta git format-patch -1. Git zai fitar da fayil mai farawa da 0001, kuma idan ka buɗe za ka ga layin Subject ya soma da [PATCH]. Wannan kalmar ce za mu sauya.

A ce gyaran naka na sashen sadarwa ne na Linux. Su can reshe biyu gare su: net na gyaran kurakurai, net-next na sabbin abubuwa, kuma suna son a faɗa musu wanne ake nufi tun daga kai. Sai ka rubuta git format-patch --subject-prefix="PATCH net-next" -1. Ka lura da kyau a nan: abin da ka rubuta yana maye gurbin tsohon ne ɗungurungum. Idan ka sa net-next kaɗai, kalmar PATCH ta tafi, kuma matatar mai kula da aikin tana iya tsallake saƙonka. Maƙallan kuwa kada ka sa su, Git ne zai sa.

Idan aiki ɗaya kake yi wa hidima kullum, ka shiga cikin ma'ajiyarsa ka rubuta git config format.subjectPrefix "PATCH sunan-aiki", shi ke nan an wuce wurin. Ni dai ba na ba kowa shawarar haɗa shi da --global, domin zai bi ka cikin kowace ma'ajiya da ke kwamfutarka, wata rana ka tura wa wasu mutane faci da sunan aikin da ba nasu ba.

Akwai abubuwan da bai kamata ka rubuta da hannu ba. Idan an duba facin an ce ka gyara, ƙara -v2, kan zai koma [PATCH v2], sunan fayil ma ya soma da v2. Idan faci uku ne a jere, Git zai lissafa su da kansa, 1/3 zuwa 3/3, kuma --cover-letter zai ƙara wasiƙar gabatarwa mai lamba 0/3. Idan ra'ayi kake nema, ba ka ce a haɗa shi yanzu ba, sa --rfc. Wannan yana da amfani a makonni biyun da ake rufe net-next lokacin haɗa sabon zubin Linux, domin a lokacin neman ra'ayi kawai ake karɓa a wannan reshe.

Me ya sa duk wannan bayani a cikin maƙallai ake cusa shi? Saboda idan mai kula ya karɓi facin da git am, Git yana share abin da ke cikin maƙallan farkon layi, ya bar taken gyaran tsaf a tarihin aikin. Sunan reshe da lambar zubi na tafiya ne kawai, wanda zai karanta tarihin bayan shekara goma ba ruwansa da su. Haka ma bayanin abin da ya bambanta v2 da na farko, a ƙarƙashin layi mai karan ɗori uku (---) da ke cikin fayil ɗin facin ake rubuta shi, don shi ma ya zube.

Kafin turawa, buɗe fayil ɗin ka karanta layin Subject da idonka. Gwada git send-email --dry-run, wanda zai nuna maka komai ba tare da ya aika ba. Da rezo ya dawo, tura wa kanka tukuna, ka ga yadda kan ya fito a akwatinka, sannan ka sa adireshin mai kula da aikin.