DARASI: MAI KIWON KAWA DA YA HAU DUTSE DASHEN ITACE

Yau za mu ɗan bar kaji da tarwada mu leƙa Japan, amma ku yi haƙuri, gida za mu dawo.

Kawa (ba ƙawa ba fa, samari) wata halittar teku ce mai ɓawo biyu, dangin makankarin da muke gani a bakin kogi. Abin da ya bambanta kiwonta da namu, ba a sayen mata abinci. Ana rataye 'ya'yanta a jikin igiya daga wani dandamalin itace da ke yawo a kan ruwa, ita kuma ta riƙa tace ruwan tana cin ƙananan halittun da ido ba ya gani. Ke nan ruwan shi ne buhun abincin. In ya lalace, jari ya tafi.

A garin Kesennuma da ke yankin Miyagi, arewa maso gabashin Japan, akwai gidan su Shigeatsu Hatakeyama. Mahaifinsa ne ya fara kiwon bayan yaƙin duniya na biyu, shi ya gada, yanzu kuma 'ya'yansa ke riƙe da shi. A shekarun 1960 zuwa 1970 ruwan gaɓarsu ya fara ɓaci saboda ƙazantar gidaje da masana'antu da magungunan gona. Wasu jajayen halittu suka cika ruwan, kawa ta sha, namanta ya koma ja kamar jini. Wa zai saya? Sai zubarwa.

A 1984 ya je Faransa, ya ga yadda bakin kogin Luwar ke cike da rai, ya kuma lura cewa can saman kogin daji ne mai faffaɗan ganye. Daga nan ya fara zargin cewa ciwon tekunsu daga tudu yake gangarowa. Masana sun ƙarfafa masa zaton: ganyen da ya zube ya ruɓe yana haɗuwa da sinadarin ƙarfe na cikin ƙasa, ruwan sama ya wanke shi zuwa kogi, kogi ya kai teku, kuma wannan ƙarfen ne halittun da kawa ke ci suke buƙata kafin su yawaita. Sai a 1989 ya tara masunta suka hau dutsen Murone, inda kogin Okawa ke samun ruwansa, suka fara dashen itatuwa. Har yau duk shekara ana yi.

Ni a ganina ba itatuwan kaɗai suka yi aikin ba. Mutumin ya riƙa gayyato 'yan makaranta daga ƙauyukan saman kogin, ya sa su a jirgi, ya nuna musu abin da ruwan da ya bar bayan gidansu ke yi wa abincin wani. Yaro in ya gani da idonsa, a gida ma sai ya yi magana. Da ambaliyar tsunami ta 11 ga Maris 2011 ta zo, ta share dandamalinsa kaf, mahaifiyarsa ma a ciki ta rasu. Amma ruwan ya farfaɗo da wuri saboda kogin da dajin suna nan lafiya, suka sake ɗaura igiya. A 2012 Majalisar Ɗinkin Duniya ta karrama shi a matsayin gwarzon daji. Mai sana'ar teku fa!

To, mu a nan arewa ba mu da ruwan gishiri, kada wani ya turo min saƙo yana neman irin kawa. Abin da ya sa na kawo labarin shi ne abin da ya same ni shekarar da na gama makaranta. Na zuba tarwada 500 a tankin tamfol, ina jan ruwa daga wani rafi da ke kusa don in huta da kuɗin mai. Na san lissafin abinci, na san na riba, amma ban taɓa taka ƙafa na bi rafin nan sama ba. Wata safiya da damina na canja ruwa, kafin la'asar kifi sun taso sun tsaya a miƙe, sun ƙi abinci. Fiye da rabi suka mutu. Daga baya na gano can sama ake wanke tankunan feshi. Wallahi tafiyar minti ashirin ce kawai.

Tarwada tana ruɗin mu, don tana iya shaƙar iska a sama, sai ta daɗe tana jure mugun ruwa muna zaton lafiya lau. Amma mai jurewa ba ya girma, abinci kawai yake ci maka.

Saboda haka kafin ka haƙa rami ko ka sayi tamfol, bi ruwanka har inda ya fito. In rafi ne, duba me ake yi a samansa: feshi, rini, wankin mota, bola. In rijiyar burtsatse ce, ruwan yakan zo da ƙarancin iska, ka bar shi ya zubo daga sama yana fantsama. In na famfo ne, ka tara shi a buɗe ya kwana saboda maganin da ake sa masa. Duk sabon ruwan da ba ka yarda da shi ba, ɗebi bokiti ɗaya, saka kifi uku ko huɗu su kwana, da safe ka gani. Masu kaji ma ku lura, ruwan nan dai shi kuke zuba musu.

Sannan kai ma akwai wanda ke ƙasanka. Ruwan da ka fitar daga tanki taki ne, maimakon ka sake shi a kwata ya dami maƙwabta, ja shi zuwa alayyahu ko ayaba ko zogale. Ni yanzu a bayan tankina kuɓewa nake shukawa.

Aikin gida na wannan makon: kowa ya je ya ga mafarin ruwansa, ya dawo ya faɗa mana abin da ya tarar. Darasi na gaba za mu yi shi a kan yawan kifin da ya dace da girman tanki, in sha Allahu.