Yadda Ake Magance Caccakar Juna da Cunkoso a Ɗakin Kaji

Kaza ba ta ganin jini ta wuce. Da zarar ɗigon ja ya bayyana a gindin wutsiyar 'yar'uwarta, ko a ƙeya, ko a dubura, sai ta kai baki ta ɗanɗana, ta biyu ta gani ta matso, ta uku ta biyo baya, kafin la'asar ƙaramin ƙwarzane ya koma rami. Masu kiwon kajin ƙwai sun san yadda ake wayar gari a tarar da kaza kwance an zaro mata hanji ta baya. Wasu kan ɗora wa mai sayar da 'yan tsaki laifi, su ce mugun iri ya ba su. Gaskiya akwai irin da ya fi wani zafin rai, amma galibi ɗaki ne ya yi wa kajin kaɗan, ciwon kuwa alama ce kawai.

Abin ya fi yawa a lokuta uku: da damina, sa'ad da ake kulle kajin gida don kada su yi ɓarna a shuka, da gabatowar Sallah ko Kirsimeti, sa'ad da ake cika keji da buroila don kasuwa, da kuma bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke hana kowa sakat. Da uwargida zan yi magana, tunda kiwon cikin gida a hannunta ya fi zama, amma maigida mai keji a bayan shago shi ma ya saurara.

Mataki na 1: Cire mai ciwon yanzu

Kada ki ce sai an gama girki. Ɗauke ta ki sa a kwali mai ramukan iska, ko ki kife ta da kwando, ko ki sa ta a tsohon akurki, a inuwa inda babu haske sosai kuma ƙuda ba ya damun ta. Ki ajiye mata ruwa da abincinta ita kaɗai. Da dare, bayan sun kwanta, ki shiga da tocila ki ɗaga sauran ɗaya bayan ɗaya, ki duba ƙarƙashin fiffike da gindin wutsiya. Da wuya a ce kaza ɗaya ce kawai aka taɓa.

Mataki na 2: Wanke ciwon

Ki tafasa ruwa rabin lita, wato kwatankwacin ledar ruwan sha guda, ki zuba ƙaramin cokalin shayi ɗaya na gishiri, ki bar shi ya huce ya zama ɗumi-ɗumi. Ki naɗe kazar da tsumma yadda ba za ta buɗe fiffike ba. Idan kika rufe mata kai kaɗan da gefen tsumman za ki ga ta yi laƙwas. Idan jini na zuba, ki danna wurin da auduga ko tsumma mai tsabta na 'yan mintuna har ya tsaya. Sannan ki datse gashin da ke manne da ciwon da almakashi, ki wanke da ruwan gishirin har ƙasa da busasshen jini su fita, ki tsane.

Bayan haka ki shafa aidin, sannan ki bi da GV, wannan shuɗin maganin gyambo da ke kowane kemis, ko feshin ciwon dabbobi mai irin kalarsa da ake samu a shagon maganin dabbobi. Amfanin shuɗin biyu ne: yana kashe ƙwayoyin cuta, yana kuma ɓoye jan da ke jan hankalin sauran. A maimaita safe da yamma.

Akwai abubuwan da ake yi a unguwa waɗanda ban yarda da su ba. Baƙin man inji, kananzir, barkono, toka mai zafi, duk ƙona naman suke yi, baƙin mai kuma guba ne ga kazar da ga mai cinta. Haka nan kada a fasa kafso na mutane a barbaɗa a ruwan kaji bisa jin an ce. Idan ciwon ya yi zurfi, ko yana wari, ko kin ga tsutsa a ciki, ki cire tsutsar da za ki iya, ki wanke, ki nemi malamin dabbobi. Idan ya ba da magani ko allura, ki tambaye shi kwana nawa za a jira kafin a ci ƙwanta ko namanta, domin kowane magani da nasa wa'adin.

Ciwon dubura shi ne mai kisa. Wani lokaci kaza kan yi yunƙurin babban ƙwai sai naman ciki ya leƙo waje, ja wur, sauran kuwa su yi caa a kansa. Idan an kama abin da wuri, a wanke da ruwan ɗumi, a shafa ɗan basilin a yatsa mai tsabta a mayar da naman a hankali, a ajiye ta a wuri mai duhu, a rage mata abincin ƙwai na 'yan kwanaki don ta dakata da yi. Idan kuwa an riga an huda hanji, kada ki wahalar da ita da kanki. In ciwon sabo ne kuma ba a ba ta magani ba, a yanka a ci. Wadda ta mutu da kanta a haƙa rami mai zurfi a binne, kada a bar ta a ɗakin ko na awa ɗaya, don a kanta sauran ke koyon cin nama.

Mataki na 3: Zauna ki kalle su

Ɗauko kujera ki zauna nesa kaɗan na rabin awa, ba tare da abinci a hannu ba. Sau da yawa kaza ɗaya ko biyu ne ke fara fitinar, za ki gan ta tana zagayawa ta bayan 'yan'uwa tana tsinkar gashi tana haɗiyewa. Ki ɗaura mata zare a ƙafa don ki gane ta.

Inda ciwon yake ma yana faɗa miki musabbabin. Idan bayan kaji ne da ƙeyarsu suka sule, zakaru sun yi yawa, barbara ce ta fige su. Idan a zanko ne da fuska, faɗan girma ne, mai yiwuwa an kawo baƙuwa. Idan a dubura ne, ki duba wurin saka ƙwai. Idan 'yan tsaki ne ke saran yatsun juna ko sabon gashin da ke tsirowa, wanda gindinsa cike yake da jini, to ko yunwa, ko zafin fitila, ko matsi. Idan kuma kaza ce ke tsigar jikinta da kanta, ki buɗe gashin ki nemi ƙwarƙwata, ki duba gefen ido ko akwai ƙuma a manne baƙi ƙirin.

Mataki na 4: Auna ɗakin

Nan ne maganar take, kuma nan ne aka fi gudu, saboda amsar kan zo da abin da ba a son ji. Ki ari tef wajen tela ko kafinta. In babu, babban takun namiji ɗaya ya kusa mita. Ki auna tsawo da faɗi ki ninka. Ɗaki mai mita 3 a tsawo da mita 2 a faɗi murabba'in mita 6 ke nan.

Manyan kajin ƙwai da ke zaune a ƙasa, kada su wuce 4 a kowane murabba'in mita. Ɗakin nan na misali kaji 24 zai ɗauka. Idan ba sa fita ko kaɗan, rufin kuma kwano ne, a gari irin Sakkwato ko Maiduguri inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, ni dai 18 zan ce. Manyan gonaki kan zuba fiye da haka, amma su suna da fanka da dogon rufi da ma'aikata. Kajin gida, da suka saba yawo, sun fi na gona jin ƙuncin kulle, don haka in za a tsare su da damina a yi musu shingen waya ko na zana a waje, kusan murabba'in mita ɗaya ga kowace kaza.

Buroila kuwa girmansu ne ke yaudarar mutane. Ɗan tsakon da aka kawo yana da nauyin giram 40 ko kusa da haka, a sati 6 ya kai kilo 2. Wurin da ya ishi guda 50 a satin farko, a sati na huɗu ko kwanciya ba za su iya yi a ciki ba. A yi lissafi da girman da za su kai ranar sayarwa, kamar 8 zuwa 10 a murabba'in mita, tun kafin a biya kuɗin kwalin.

Bayan ƙasa, sai sauran kaya. Kwanon abinci mai tsawo, santimita 10 ga kowace kaza. Gwajin mai sauƙi ne: ki zuba abinci ki gani ko dukkansu za su ci a lokaci guda. Idan akwai masu tsayawa a baya suna jira, kwano bai isa ba. Kuma gara kwano biyu a kusurwa dabam-dabam da ƙato ɗaya a tsakiya, don kaza mai ƙarfi ba ta iya tsare wuri biyu. Haka ma ruwa. Sandar kwana, taƙi ɗaya ga kowace kaza. Wurin saka ƙwai ɗaya ga kaji 4 ko 5. Zakara ɗaya ga kaji 8 zuwa 10.

Mataki na 5: Rage su, ko ki ƙara wuri

Idan akwai fili da kuɗin waya, a faɗaɗa. Idan babu, a rage, kuma a cikin satin nan. Rarar zakaru su fara tafiya, sai tsofaffin da suka daina ƙwai, sai mai zare a ƙafa. Ita wannan za a iya ba ta dama: a ware ta na sati guda, in an mayar da ita ta tarar girmanta ya zube, wataƙila ta natsu. In ta koma ga halinta, sabo da kaza ba ya hana yanka. Kaji 20 masu lafiya sun fi 35 da ake kwasar gawa a cikinsu kowane sati, ga abincin da aka ɓata a kan matattun.

Kada kuma a haɗa manya da ƙanana, ko buroila da kajin gida, a ɗaki ɗaya.

Mataki na 6: Duba abin da suke ci

Kazar da ta saba kiwo tana samun ƙwari da tsutsa da ganye da kanta. Ranar da aka kulle ta aka ce dusa da gero kawai, ta rasa sinadarin gina jiki, gashi kuwa kusan duk furotin ne, shi ya sa take bin na 'yar'uwarta. Idan kin lura babu gashi ko ɗaya a ƙasan ɗakin alhali kaji sun sule, cinyewa suke yi. Abincin kajin ƙwai na buhu yana ɗauke da furotin kashi 16 zuwa 18 cikin ɗari, kuma kaza mai ƙwai tana cin giram 110 zuwa 120 a rana. Tsadar buhu kan sa a ninka shi da dusa don ya yi auki, daga nan matsala ke farawa.

Mai haɗa nata a gida ta ƙara ƙulin gyaɗa wanda bai yi fumfuna ba, ko waken suya soyayye, don ɗanyensa yana hana narkewar abinci, ko garin busasshen kifi. Gara ma abinci ce mai kyau, mutanen karkara sun daɗe suna kife tukunya da kashin shanu da kara a bakin suri su kwaso wa 'yan tsaki. A ajiye garin ƙashi ko dakakken ɓawon ƙwai da aka gasa a kwano dabam. Rashin gishiri ma yana kawo caccaka, amma ɗan kaɗan ake sawa a haɗin gida, na buhu kuwa da nasa a ciki, kuma yawansa kisa yake. Ruwa kada ya yanke ko na awa ɗaya da rana.

Mataki na 7: Sanyaya ɗakin, ki ba su abin yi

Kaza ba ta gumi, haki take yi. A shimfiɗa zana ko ciyawa a kan kwanon rufi, a buɗe gefe biyu a sa waya don iska ta ratsa. A kashe ƙwan lantarkin da ake bari har safe, hasken awa 16 a rana ya ishi mai ƙwai. Wurin saka ƙwai ya zama mai duhu, ko tsohuwar tukunya a kwance ko kwali da aka rataya wa tsumma a baki, domin kazar da ta yi ƙwai a fili, dubura a buɗe, ita ake fara sara.

A zuba ɓuntun shinkafa ko garin katako a ƙasa, a watsa ɗan tsaki a ciki da yamma su yi ta tono. A rataye damin zogale ko alayyafo ko kabeji daidai tsayin kansu. A ajiye tsohuwar taya ko baho cike da yashi da toka mai sanyi don birgima, wadda ke rage ƙwarƙwata. A jingina faifan katako a bango inda mai rauni za ta ɓuya.

Mataki na 8: Mayar da wadda ta warke

Sai ɓawon ciwon ya faɗi kuma babu sauran ja. A fara ajiye ta cikin keji a ɗakin na kwana 2 ko 3, suna ganin juna ta waya, sannan a sake ta da dare a kan sandar kwana, a sa ido da safe. Sabuwar kaza daga kasuwa kuma ta yi aƙalla sati 2 a ware kafin ma a kai ga wannan, saboda cuta.

Saura maganar yanke baki. Manyan gonaki na yin sa tun kaji suna 'yan kwanaki, da na'ura, kuma tsinin kawai ake ragewa. Bakin kaza yana da jijiyoyi da jini, babbar kazar da aka datse wa baki da wuƙa mai zafi a tsakar gida takan yi kwanaki ba ta cin abinci, ƙwai ya tsaya. Idan an bi matakan nan duka abin bai lafa ba, a kira malamin dabbobi ya yi da hannunsa. Amma kafin ki kira shi, uwargida, ki ari tef ɗin nan ki auna ɗakin, ki ƙirga kajin.