Yadda ake tantance yara masu tamowa, da inda za a tura kowanne

Masu kai tallafi Wassa da Waru, can bayan Apo, inda 'yan gudun hijira suke zaune, sun saba a raba shinkafa, a ɗauki hoto, a watse. In har yara za ku duba, ga yadda ake yi.

Ku fara gaida mai unguwa da shugabar mata. Ku tanadi igiyar awon damtse mai launi uku, biro da littafi. Igiyar ba ta da tsada, amma kada ku yarda da tef ɗin tela.

Yaran wata 6 zuwa 59 ake aunawa. Jaririn da bai kai wata shida ba, in ya rame ko ba ya kama nono, asibiti kai tsaye.

A wurin awo ake ɓata aiki. Ke mai awo, hannun hagu za ki kama. Ki lanƙwasa shi, ki nemo tsakiya tsakanin ƙashin kafaɗa da gwiwar hannu, ki sa alama da biro, sannan ki saki hannun ya miƙe. Igiyar ta kwanta a fata, kada ta matse, kada ta yi sako-sako. Matsewa kaɗan na mayar da lafiyayye mai tamowa, sassauci kuma ya ɓoye wanda ke cikin haɗari. In yaro na kuka yana ƙandare hannu, a bar shi a cinyar uwarsa ya huce. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, daga nan zuwa 12.5 rawaya, sama da haka kore.

Kada koren ya ruɗe ki. Ki danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa, ki ƙirga uku. In ramin ya zauna a duka biyun, tamowa ce mai tsanani, ko da uwar ta ce ƙiba ce.

Sai rabo. Mai ja ko kumburi da ba ya iya cin abinci, ko yana amai, jijjiga, zazzaɓi mai zafi ko yawan suma, kwanciya asibiti ce a ranar, kuma ɗayanku ya raka su, don kuɗin mota zuwa Asokoro ko Garki kan hana uwa tafiya. Mai ja da ke cin abinci, a tura shi cibiyar da ke ba da abincin masu tamowa na Plumpy'Nut duk mako. Ku gaya wa uwar cewa magani ne, ba a raba wa yayye. Mai rawaya kuwa, a koya wa uwarsa kunun Tom Brown: mudu shida na hatsi, uku na waken soya, ɗaya na gyaɗa.

Ku rubuta sunan uwa da kwatancen ɗakinta, lambar waya kaɗai ba ta isa ba. Bayan mako ɗaya a koma a tambaya ko an je. In ba ku da wanda zai koma, ku nemo shi kafin ku sa ranar fita.