Mota Mai Ƙugiya

A cikin manyan motocin kaya akwai wata iri wadda ba ta bukatar 'yan dako, gama ita ke yi wa kanta lodi. An kafa mata dogon hannu na ƙarfe bayan ɗakin direba, da ƙugiya a bakinsa. Da shi ta kan ɗaga turakun wayar lantarki, da gumagumai, da tankunan ruwa, da injunan da suka fi ƙarfin ƙarti ashirin.

Wani mutumin ƙasar Suwidin, wai shi Eric Sundin, ya kafa kamfanin Hiab cikin 1944. Cikin 1947 suka fitar da irin wannan hannu, wanda injin motar ke ba shi ƙarfi. Ga yadda abin ya ke. Inji ya kan juya famfo, famfo ya tura mai cikin bututu. Mai kuwa ba ya matsuwa, in an danne shi nan sai ya tunkuɗa can. Da haka ya ke tura wani sandan ƙarfe, hannu ya tashi ko ya miƙe.

To, akwai abu guda wanda ya wajaba mai wannan aiki ya sani. Ɗauki guga cike da ruwa, ka riƙe shi jikinka. Ba wuya. Yanzu miƙe hannunka da shi. Ka ji ya rinjaye ka? Ruwan bai ƙaru ba, nisa ne ya ƙaru. Masu ban ruwa da jigo a fadama sun san wannan tun kaka da kakanni.

Haka motar nan ta ke. Hannun da ya ɗaga tan 4 a nisan mita 2, in an miƙe shi mita 8 ba ya wuce tan 1, watau rubu'i. In aka ɗora masa fiye da haka, ko ƙarfe ya karye, ko mota ta kife da direba da na kusa duka. Saboda haka maƙera su kan manna allo a jikin motar, su rubuta nauyin da ya dace da kowane nisa. Wanda ya iya karatu ya duba allon nan, ya tsira. Wanda bai iya ba sai ya yi ta cinke, ran mutane kuwa ba abin cinke ba ne.

Kafin a ɗaga kome, a saukar da ƙafafun ƙarfe na gefe, a sa musu katako mai kauri in ƙasa ta yi taushi. A ɗaga kai a duba wayar lantarki, don wuta ta kan tsallaka ko ba a taɓa waya ba. Kada kuma kowa ya tsaya ƙarƙashin kayan da ke reto.

Ga lissafi ka gwada. Hannun nan namu, tan nawa zai ɗaga a nisan mita 4?